Gefen Dama na Rigarki

Zuwa ga Nasira,

Hasken safiyata, sanyin idona, ruwan randar da na samu bayan na daɗe ina tafiya cikin rana. Ke da hayaƙin murhunki yake sanar da unguwar Nima gari ya waye tun zakara bai tuna da aikinsa ba. Ke da in kika yi dariya a tsallaken titi, har keken ɗinkina sai ya sauya murya. Amincin Allah ya tabbata a gare ki, da safiyarki da yammacinki, da hannun nan naki mai riƙe ludayin koko kamar sandar mulki. Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da aka ce masa "to" bayan furfura ta gama cin gemunsa, wanda har yau in ya tuna sai ya tsaya da almakashi a hannu yana murmushi shi kaɗai kamar taɓaɓɓe.

Na san za ki ce me ya yi zafi har Abass tela ya ɗauki biro, alhali tsakanin shagonsa da teburin kokona titi kawai ne. To ki ji. In na zo da baki, sai ki cika mini kofi ki ce in sha kafin ya huce, maganar ta bi ƙosai ta wuce ciki. In kuma na aiko da murya ta waya, na san halinki, a gaban layin masu saye za ki kunna ta da ƙarfi, kafin azahar har unguwar Maamobi ta haddace abin da na faɗa. Shi ya sa na rubuta, na maƙala takardar da fil a kan ƙunshin nan da 'yarki Ruhaina za ta kawo miki. Kayan aurenmu ne a ciki, jiya na gama su. Amma don Allah kar ki kwance shi tukuna. Ko sau ɗaya a rayuwarki ki bar ni in kai ƙarshen magana.

Da farko ki sani ina cikin daɗi. Tun ranar da danginki suka karɓi goron da na aika, barci yake zuwar mini da wuri, tuwo yana yi mini ɗanɗano, ciwon bayan da keke ya sa mini ma ya ji kunya ya ja da baya. Mai askin da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo shekaranjiya ya ce, "Masta Abass, wannan fara'a naka ya yi yawa paa, ka rage ma mu kaɗan mana." Ban rage masa ba. Wa yake rabon abin da ya jira shekara da shekaru? In na ɗaga kai daga ɗinki na hango ki cikin tururin tukunya, kina faɗa da direbobi kina ƙara musu sukari a lokaci guda, sai in ce a raina: Allah, wannan matar mai tsiwa wai ni ta amince wa. Ban san abin da na yi na cancanta ba, kuma ba zan tsaya bincike ba, kar a gano kuskure ne a karɓe.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya, shi ne dalilin takardar nan.

Ranar Laraba da na zo gidanku kawo samfurin leshi, na zauna a kujerar da na saba zama, na ɗaga ido inda na saba ɗagawa, sai na ga bango fayau. Hoton marigayi mijinki, Kofur Mutawakil, ba ya nan. Sai alamar gurbinsa kawai, fenti mai haske a tsakiyar fentin da hayaƙi ya dafa, da ƙusa tsirara. Na tambaye ki, kika ce in ɗanɗana miyar da kika yi. Na sake tambaya, kika ce ana kiranki a waje, alhali ba wanda ya kira ki. Sai da Ruhaina ta raka ni bakin lungu ta gaya mini. Ta ce kin naɗe hoton mahaifinta da lambar girmansa a cikin tsohon mayafi, kin buga wa ƙaninsa Saddique waya ya zo ranar Juma'ar mako mai zuwa ya tafi da su garinsu can arewa. Ta ce kin ce bana ba za ki je faretin tunawa da sojoji a Osu ba, ba kuma za ki sake zuwa ba. Wai tsofaffin matan gidanku sun zaunar da ke sun ce, "Nasira, mace ba ya shiga ɗakin miji da kayan wani miji. Ka bar shi ya huta, kai ma ka huta." Ruhaina tana faɗa tana kallon ƙasa. Mace ce da aurenta da ɗanta a goye, amma a lokacin kamar yarinyar da aka ƙwace wa abu na gan ta.

Nasira, don ni kika yi haka? Ni na roƙe ki? Yaushe kika ga kishin Mutawakil a fuskata?

Kin manta ni ma na san shi, tun kafin ke ki san shi. Tare muka buga ƙwallon tsumma a gefen babbar kwata, shi ne mai ihu, ni ne mai tsaron gida don ba na son gudu. Da muka tasa, ni aka kai ni koyon ɗinki, shi ya zama yaron mota. Wa zai manta da shi a rataye a ƙofar trotro, motar hayar nan, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a iska, yana kiran fasinjan Kanda da Adabraka da muryar da ake ji tun daga Kasuwar Malam Atta? Ba motar da take cika a wurin Mutawakil. In ka ce ba wuri, sai ya ce, "Akwai wuri, Mma matsa kaɗan," ya ɗora kwando a cinyar wannan, ya ɗora yaro a cinyar wancan, sannan ya bugi jikin motar da tafin hannu sau biyu, direba ya taka. Da ya shiga soja ya dawo cikin kaki, duk 'yan matan Nima wuyansu ya yi ciwo, shi kuwa ke ya gani. Ni da matata Abibatu, Allah ya ji ƙanta, mun ci shinkafar bikinku har muka tafi gida da ragowa.

Sauran labarin kin fi ni sani, amma ki bar ni in faɗa miki shi da bakina, don ki san yadda yake zaune a zuciyata. Saja Ramadan, wanda suka tafi Laberiya tare lokacin yaƙin can, ya ba ni shi a kan bencin shagona ba sau ɗaya ba, kuma bai taɓa sauya ko kalma ba. Wani ƙaramin gari ne a bakin kogi, masu bindiga suna matsowa, babbar motar soja ɗaya ta rage, mata da yara da tsofaffi kuwa sun fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Aka tsaya ana duban wa za a ɗauka wa za a bari. Sai Mutawakil ya ce wa babbansu, "Oga, ka ba ni motan nan, wannan aikina ne." Ya zubar da ƙullin kaya, ya jera manya, ya ɗora yara a cinya, ya cusa siraran a tsakanin masu jiki, yana ta yi musu "matsa kaɗan, akwai wuri" da Hausar Nima, mutanen da ko kalma ɗaya ba su ji, amma suna matsawa. Ya ɗauko Saja Ramadan da harsashi a ƙafa ya kwantar da shi a kan ƙafafun mutane. Aka shige duka. Abin da ya rage sai ɗan matakin baya, inda yaron mota yake ratayewa, wurinsa ke nan.

Sai ga wata mata ta fito daga cikin rogo a guje, da jariri a bayanta. Saja ya ce Mutawakil bai ko yi jim ba. Ya sauko, ya ɗaga ta ya tsayar a matakin, ya kama hannunta ya ɗora a ƙarfe ya matse, sannan ya bugi jikin motar sau biyu. Direban ɗan Accra ne, shi ma tsohon direban haya. Da jin bugun nan ƙafarsa ta taka kafin kansa ya yi tunani, bai san wanda ya buga ba ya cikin motar ba. Saja yana kwance yana hango shi ya durƙusa bayan wani rusasshen bango a bakin gada, ya tsare hanyar da bindigarsa har motar ta sha kwana. Washegari da suka koma, suka yi masa salla suka rufe shi a gindin wani mangwaro. Can yake har yau, a ƙasar da ba ki taɓa takawa ba. Ke kuma kina nan da cikin Ruhaina, aka kira ki bariki, aka busa begila, aka miƙa miki lamba a cikin ɗan akwati.

Wannan mutumin ne za ki naɗe a mayafi don kar raina ya ɓaci? Mutumin da ya sauka ya ba matar da bai san sunanta ba wurinsa, shi ne ni zan ce babu masa wuri a gidana? Haba Nasira! Da wane ido zan dubi Saja Ramadan in ya zo shan shayi?

Kuma ki tuna ta dalilin wa na same ki. Shekarar da zirin ƙyallen lambar ya koɗe, nauyinta kuma ya fara yaga miki riga, kika tsallako titi kika ajiye su a teburina kika ce, "Masta, ka gyara mini, gobe fareti." Na sauya ƙyallen, na sa wa rigar shafi mai kauri daga ciki inda fil zai shiga, na yi aiki har ina yaba kaina. A hagu na sa, don a hagu na ga sojoji suna sa nasu a talabijin, kuma na ce ai nan zuciya take. Kika tafi Osu kina taƙama. Da la'asar sai ga ki kin dawo, Saja Ramadan yana biye da ke yana dogara sanda, lambobinsa suna kaɗawa a ƙirji, jan furen takarda a aljihu. Ya tsaya a ƙofar shagona ya ce, "Kai tela, wane ne ya koya ma ka aiki? Hagu na wanda ya je yaƙi da ƙafansa ne. Matan soja, ɗan soja, a dama zai sa. Wannan ma ba ka sani ba kraa?" Ashe tun a ƙofar shiga ya tare ki ya sa kika mayar da ita dama, inda babu shafi, fil ɗin ya sake huda miki rigar. Na tsaya ina ta ba da haƙuri, da igiyar awo a wuya kamar akuyar da aka kama a gonar mutane. Ke kuwa kika dube ni, kika dubi Saja, kika fashe da dariya har kika zauna a benci kina share hawaye. Tun rasuwar Mutawakil ban ji kin yi dariya da dukan bakinki ba sai ranar.

Daga nan duk Nuwamba sai kin kawo mini rigar da lambar. Ki zauna a bencin nan kina goge ta da toka da lemun tsami, kina ba ni labarin yadda yake cin barkono kamar ba harshe a bakinsa, ni kuma ina ɗinki ina jan aikin da gangan. Aikin da ba ya cin rabin wuni sai in ce ki dawo gobe. Kin sani, na san kin sani, kika yi ta dawowa. Ina kallonki kina rainon yarinya da ludayi ɗaya, ruwa ko rana, kina korar masu zuwa neman aure ɗaya bayan ɗaya da murmushi da ƙosai kyauta. Bayan Abibatu ta rasu, gidana ya yi shirun da ko rediyo ba ya kashewa, maganar Saja ta dinga dawo mini. Dama ta Kofur ce, an gama. Hagu kuwa soja da bakinsa ya ce a bar ta fili. Na daɗe ina zagaya wannan filin da ido, kamar mai neman inda zai kafa rumfa a Nima, ina tsoron in tambaya a ce mini an riga an sayar. Da na yi ƙarfin hali na tambaya, kika ce, "Sai yanzu? Na ɗauka sai mun tsufa." Nasira, ai mun tsufa, kuma ban taɓa jin daɗin tsufa irin na bana ba.

Ban nemi a kwashe kowa don in shiga ba. Matar da nake so ita ce wadda take tsayawa cik a cikin rana a Osu in an busa begila an yi shirun nan, haɓarta a sama, leɓenta yana motsi da Ƙulhuwallahu yayin da sauran suke sunkuyar da kai. Ita na gani na rasa barci. In kika cire wannan daga jikinki kika zo mini, wa kika kawo mini? Ranar Laraba na ga yadda kike zuba miya kina kauce wa bangon nan da ido. Ba na son amaryar da za ta shigo gidana tana kauce wa bango.

Kuma in dokar matan gidanku za mu bi, to ta hau kaina ni ma. Turmin Abibatu yana nan a madafata, tabaryar ta lotsa daidai inda hannunta yake kamawa. Ranar da kika zo duba gidan kika shafa shi kika ce turmi ne mai kyau, a bar shi inda yake. Ke kin yi wa tawa wuri ba tare da na roƙa ba. Don me kike zaton ni zuciyata ta fi taki ƙunci? Tsofaffin nan ina girmama su, alheri suke nufi, sun ga mazan da hoto kawai yake hana su cin abinci. Ki gaishe su, ki ce musu wannan telan cikinsa lafiya lau.

Saddique mutumin kirki ne, kuma ɗan'uwansa ne ciki ɗaya, ban ce ba shi da rabo a tunawa da shi ba. Amma ba shi ya nema ba, ke kika kira shi. In ya tafi da lambar, za ta kwanta a ƙasan akwati tare da takardun gona, ba mai goge ta, ba mai kai ta inda ake kiran sunan mai ita. Ruhaina ba ta taɓa ganin mahaifinta ba, ba ta da kabarin da za ta nuna wa ɗanta. Hoton nan da lambar nan su ne abin da take da shi. Ki bar Saddique ya zo ranar Juma'a, hanya ce mai nisa, a yi masa tuwo da miyar kuka, ya kwana biyu ya tsaya mana a ɗaurin aure a madadin yayansa. In zai koma, ni zan ɗinka masa riga ya tafi da ita. Amma mayafin nan da abin da ke ciki, ki ce masa kin fasa.

Na cire kalandar da ke falona, wadda ke gefen agogo. Ƙusar tana nan, mai ƙarfi ce, na gwada ta da nauyin dutsen guga. Daga kujerar da za ki riƙa zama ana ganin wurin sosai.

To, ruwan randata, yanzu kwance ƙunshin. Shuɗiyar atamfar ta walima ce. Mai ruwan goro ta zaman gida ce, na sake ta a hannu don na san ba kya son abin da zai hana ki juya tukunya. Farin leshin da ke ƙasa shi ne na wata mai zuwa. Ɗauko shi ki juya cikinsa waje, ki sa yatsa a ƙirji ta gefen dama. Kin ji kaurin? Shafi ne ninki biyu, da 'yan madaukai na zare inda fil zai shiga ba tare da ya taɓa leshin ba. Wannan karon ko Saja Ramadan ya zo da tabarau ba zai sami abin faɗa ba. Sannan ki juya shuɗiyar, ki juya mai ruwan goron, ki juya sauran. Duka na yi musu. Ba rigar da za ta fito daga kekena zuwa jikinki da ba ta da wurin Kofur Mutawakil, kuma kin san ni, ba na son farke ɗinkin da na gama.

Daga ragowar farin yadin na yanka wa kaina kaftani. Ban taɓa zuwa Osu ranar fareti ba, kullum a bakin shago nake tsayawa in ga kin shiga mota. Bana in Allah ya kai mu tare za mu je, ke da Ruhaina da jikanki da mijinki. Ki sa lambar a dama, inda take. Ni zan tsaya ta hagunki, in riƙe miki lema.

In kin yarda, ba sai kin ce komai ba, na san magana irin wannan tana yi miki nauyi. Gobe da safe in na tsallako karɓar kokona, ki miƙo mini mayafin nan a naɗe, zirin ƙyallen ya isa sauyi, tun bara na lura.

Naki, da hannun da ke ɗinki da zuciyar da ke jira, yau da gobe da ranar da ƙafata za ta kasa taka keke, har zuwa inda Allah ya yanke mana zaren kwana,

Abass Tela,
Nima.